Ranar da Aka Shafa Mini Maɗaci

Jikata Hadiza ce ta tono mini wannan zance, ba tare da ta san ta tono ba. Ta shigo ɗakina da hantsi, ɗanta a baya, ta zauna bakin gado ta naɗe hannun riga ta ce in taɓa in ji. Na ce in taɓa me, maruru ne ya fito miki? Ta kama yatsana ta ɗora a cikin dantsenta, sai na ji wani ɗan abu a ƙarƙashin fata, siriri kamar tsinken ashana. Wai shi ya sa ma suke ce masa ashana. Wai nas ce ta sa mata, ita da mijinta suka je tare a kan babur, kuma daga yau ba za ta ɗauki wani ciki ba sai yaron nan ya ƙoshi da nono, ya yi ƙafa, ya shiga makaranta. Duk wannan bayani da ƙarfi take yinsa, ƙofa a buɗe, kawunta na tsakar gida yana alwala. Na ce 'ya'yan yanzu dai da sabulu aka wanke muku ido. Ta yi dariya ta ce baƙin ciki nake yi don ban samu ba a zamanina. Ba ƙarya ta yi ba kuwa. Ta janye hannunta, amma yatsana ya daɗe yana jin abin.

Garin Lafiya da na sani ba shi ne wannan ba. A wancan lokaci, tun Turawa ba su tafi ba, ana dai ta raɗe-raɗin za su tafi, garin bai wuce inda ladan zai kira salla da maƙogwaronsa kowa ya ji ba. Rufin ciyawa ne ko'ina, in ka ga kwano to ofis ne ko kanti. Da la'asar sai garin ya ɗauki luguden sakwara, turmin wannan gida yana amsa na wancan, har kana iya gane gidan da aka yi baƙi daga yadda taɓarya ke sauri. Motar Makurɗi in ta doso, tun daga nesa ake jin nishinta, yara su ruga bakin hanya su dawo da jar ƙasa a gira. Akurba da yanzu ake ce mini unguwa ce, a da sai ka ratsa daji da gonakin riɗi kafin ka ga hayaƙinta. Rafin Amba kuwa ruwa ne garau, ana ganin yashi a ƙasansa, kuma nan ne majalisar mata. Barebari, Alago, Eggon, Gwandara, matan Tibi masu kawo doya, Fulani masu tallan nono, kowa da irin Hausarta, wata ta mai da mace namiji, wata ta mai da namiji mace, kuma babu wadda ba a gane ta. Kwanan baya an wuce da ni ta kan gadar a mota, na leƙa, ban ga komai ba sai leda da masu wankin babur.

Ni a Adogi aka haife ni. Mahaifina Babarbare ne da ya bar cikin gari ya fita noman doya, ya rasu ina ƙarama, Inna ce ta riƙe gidan. A can ƙuryar gidan, bayan rumbuna, akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin masu goyo. Duk 'yar gidan da ta haihu nan take tarewa, kuma ba wankan arba'in kaɗai take yi ta koma ba. Sai yaro ya yi haƙora, ya taka ƙasa, ya iya kai loma bakinsa, sannan a yi mata kitso da lalle a mayar da ita ɗakin miji kamar sabuwar amarya. Miji in kewa ta dame shi ya zo ranar kasuwa, ya zauna a zaure, a miƙa masa ɗansa da ƙwaryar kunu, ya yi masa wasa, ya kama hanya tun rana ba ta faɗi ba. Inna na bakin ƙofa tana kaɗi, ido ɗaya a kan mazari, ɗaya a kan suruki. Takan ce ita manomiya ce, ta ga abin da ke samun gonar da ake yi wa kunya kowace damina ba hutu, kuma ba za a yi wa 'ya'yanta haka tana raye ba. Ba ta san allura ba, ba ta san ƙwaya ba. Ɗakin nan da idonta su ne tazarar haihuwarmu.

Ni ce auta, saboda haka ni ce baiwar ɗakin. Ni ke ɗebo itace, ni ke cika ƙatuwar tukunyar wanka, ni ke tsinko ganye. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ganyen nan in Inna ta tsoma shi a tafasasshen ruwa ta fyaɗa a bayan mai jego, da yadda yayyena ke cije leɓe don kada a ce sun yi raki. Ladana shi ne suɗar ludayin kunun kanwa, da ɗan abin da ya rage a ƙashin kauri bayan mai jego ta gama da shi. Ɗakin kullum da ɗumi, yana warin hayaƙi da man kaɗe da nono. In an gama aiki sai a baje tabarma, wata na tsefe kai, wata na ba da nono, ana hirar maza ana ƙyaƙyata dariya, in zance ya kai inda ya kai a ce auta tashi ki duba awaki. Awakin nan sun sha dubawa. Ban taɓa zama a wurin da mace ke sakewa kamar ɗakin nan ba, kuma ina kewarsa fiye da yadda nake kewar ƙuruciyata kanta.

A nan na fara jin kalmar kwanika, wato mace ta ɗauki ciki alhali ɗanta bai bar nono ba. Ba a faɗinta sai an rage murya. Wadda ta yi kwanika ta shiga bakin mata, a rafi a yi mata habaici, a wurin niƙa a sa ta a waƙa, a ce ba ta da haƙuri, kamar ita kaɗai ta yi cikin. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kowa ya yarda nononta ya lalace, ya zama dafi ga yaron da ke sha. Saboda haka ranar da aka gane, a ranar ake cire yaro, ko da wata nawa ne. Babu mai gardama a kan wannan, yadda ba a gardama a kan wuta na ƙuna.

Audu ni na so shi, ba wanda ya tura ni. Tela ne, yana da keken ɗinki a bakin kasuwar Lafiya, kuma na lura duk ranar da muka kawo doya zarensa sai ya yi ta tsinkewa. Maraya ne, gwaggonsa ce ta rene shi, ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Fanna. Doguwar mace mai tsagen Barebari, mai sayar da manja, ba ta da yawan magana. Ta haifi 'ya'ya da dama, ta binne su duka tun suna ƙanana, Audu ne kaɗai abin da ta riƙa ya tsaya. Ta karɓe ni hannu biyu. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ina so a riƙe wannan kafin in faɗi sauran.

Da cikina ya tsufa aka kai ni Adogi goyon ciki, na shiga ɗakin da na yi wa bauta, wannan karon ni ake dafa wa ruwa. Na haifi namiji. Aka sa masa sunan mahaifin Audu, sai kunyar ta zama biyu: ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan suruki. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba har sai wata babba ta ce ke, ɗauke shi ki ba shi. Yaron nan nake ce masa, ko in ce wancan. Amma in ɗaki ya zama daga ni sai shi, Allah ya sani ba abin da ba na yi. In shinshina ƙeyarsa, in ciji yatsun ƙafarsa, in yi ta kallon wani ɗan lanƙwasa da ke kunnensa na hagu. Yana da wata ɗabi'a, in yana shan nono sai ya miƙa hannu ya kama tsakiyar murjanin da ke wuyana, ya yi ta murza ta yana wani gurnani kamar ɗan kyanwa. In na cire murjanin ba ya sha da daɗi.

Bai gama koyon zama ba Inna ta kwanta, lokacin ana haƙar sabuwar doya. Zazzaɓi ne, bai ɗauke ta da nisa ba. Bayan an share makoki gidan ya zama na yayyena maza da matansu, kuma ba wanda ya kore ni, amma na ga an fara jingina buhunan riɗi a bangon ɗakin masu goyo. Ba mai zama a bakin ƙofa da mazari. Na ɗaure kayana na goya yaro na komo Lafiya.

Gidan Gwaggo ɗaki biyu ne, nata cike da tulunan manja har ba wurin shimfiɗa tabarma ta biyu. Ita tana jin nauyin ta sa baki a tsakanin ɗanta da matarsa, ni ina jin nauyin in ce ina so in kwana a ɗakinta, don faɗin haka kamar faɗin dalili ne. Audu kuwa ba mugu ba ne. Yaro ne, ni ma yarinya, mun yi kewar juna, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ɗayanmu ya gaya masa wata dabara ban da nisa. Nisan kuwa Inna ce ke riƙe da shi, ta tafi da abinta.

Yaron ya fara rarrafe na ji warin manja na tayar mini da zuciya. Na gane, don na san wannan tashin zuciyar. Abin da ya fara zuwa raina ba bakin mata ba ne, yaron ne, don ban da nono ba abin da yake yarda ya shiga bakinsa. Sai na ƙudura zan ɓoye har ya iya cin abinci. In amai ya taso in zaga bayan gida in rufe da ƙasa. In Gwaggo ta tafi kasuwa in dama koko in riƙa ɗiga masa da yatsa, ya furzar, in sake. Duk da haka, kowane shan nono da zai yi gabana na faɗuwa, ina kallonsa ina tambayar kaina ko dafi nake ba shi da hannuna. Amma yaron sai ƙara ƙiba yake, kumatu kamar an hura.

Ashezi ce ta fara ganewa. 'Yar Eggon ce, Kirista, ta girme ni, tana shigo mana da itace, kuma dutsen wankinta na kusa da nawa a Amba. Ranar ina wanki jiri ya ɗebe ni na dafa dutse, ta dube ni sama da ƙasa ta matso. Ta ce, "Ƙawa, kin ɗauka ko? Kar ki ɓoye ma ni." Na fashe da kuka a kan zanen da nake cuɗawa. Da na gaya mata abin da nake tsoro sai ta ja tsaki ta ce, "Nono ba ya lalace. Ni na ba ma yarona da ciki har na kusa haifuwa, ga shi can yana bin babansa gona." Ta ce a ɗakin shan magani na 'yan mishan da ke bakin hanyar mota akwai wata malama mace, mace zalla, tana duba masu ciki da jarirai ranar kasuwa, kuma ita ta gaya musu a ci gaba da ba yaro nono, uwar dai ta ci abinci sosai. Ta ce in zo mu je in ji da kunnena, in ya so malamar ta yi wa Gwaggo bayani.

Zuwa rafi ba ya buƙatar izini, amma zuwa wurin 'yan mishan sai da dalili, kuma dalilina ba ya faɗuwa. Na yi ta juya abin har na samu ƙurajen zafi a wuyan yaron, na ce da su zan fake. Na tsayar da ranar kasuwa mai zuwa, Ashezi za ta biyo mini. Ban kai ranar ba. Ana jibi kasuwa, da safe, ina dakan dawa a tsakar gida, yaron na zaune a inuwa yana wasa da murfin kwano, Gwaggo na auna manja ta ba ni baya. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ajiye taɓaryar nan." Daga ƙarar dakan ta ji. Ta taso ta tsaya a gabana, ta dubi jijiyar wuyana, ta ja fatar idona ƙasa, ta yi salati a hankali. Ba ta zage ni ba. Ta tambaye ni tun yaushe, na sunkuyar da kai. Ta juya ta dubi yaron.

Kafin azahar an gama komai. Ta aika aka karɓo rubutun yaye wurin malam, ta jiƙa ɓawon maɗaci ta daka, ta ce in buɗe. Da hannunta ta shafa mini. Sannan ta ɗauko yaron, wanda yunwa ta riga ta kama, ta ɗora mini a cinya. Ya yi dariya, ya miƙa hannu ya kama murjanin, ya kama nono. Na ga lokacin da ɗacin ya isa harshensa. Ya saki, ya dube ni, ya sake gwadawa don bai yarda ba, sannan ya tsandara kuka. Gwaggo ta ɗauke shi ta goya, ta ce za ta kai shi Assakio wurin yayarta, don in yana ganina ba zai haƙura ba. Ni kuwa ina zaune, bakina cike da magana, amma wace mara kunya ce za ta yi jayayya a kan ɗan fari a gaban surukarta? Ko hannu ban miƙa ba.

A zaure suka yi kiciɓis da Ashezi da damin itace a ka. Ina jin su daga ciki. Ashezi ta ce, "Mama, don Allah ki bar yaro. Ki bari ranar kasuwa mu je wurin malama, in shi ya ce a cire, a cire." Gwaggo ta ce, "'Yar nan, ke kin ji a bakin malama. Ni da hannuna na haƙa wa irin wannan nono rami, ba sau ɗaya ba. Wannan ba zan binne shi ba." Ta wuce. Kukansa ya yi ta raguwa a cikin lungu har ya haɗe da luguden maƙwabta.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tunawa da su, amma su ne ba sa tafiya. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, yana zuba yana jiƙa zane, in zaga bayan gida in matse a ƙasa, tururuwa ta taru a kai. A rafi aka yi mini waƙar da na sani tun ina auta, wasu daga masu yin ta ma da mu muka koye ta. Audu bai tambayi labarin yaron ba, don shi ma ɗan farinsa ne, namiji ba ya tambayar ɗan fari a gaban uwarsa. Sai dai ya ƙirƙiro kai wa wani ɗinki Assakio, ya ari keke ya tafi. Da ya dawo na kai masa ruwa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, yaron yana nan. A ranar bai taɓa tuwonsa ba.

Nonon ya ƙafe, cikina ya fito, sannan aka dawo da yaron. Yayar Gwaggo ce ta kawo shi da kanta, ta ce ta yi iya yinta, kunu ba ya zama a cikinsa. Da aka kwance goyon ban gane shi ba sai ta kunnen hagu. Gashinsa ya yi ja ya kwanta, ƙafafu sun kumbura suna sheƙi, wuyan kamar na ɗan tsako. Ba ya kuka, kallo kawai yake. Gwaggo ta karɓe shi ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wannan nonon da ya sha ne kafin a gane, da an cire shi da wuri da bai kai haka ba. Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta gani ke nan. Ni ma a lokacin rabin zuciyata ta yarda da ita, kuma wannan rabin ya fi komai ci na.

Audu ne ya yi magana, karo na farko da na ji ya yanke hukunci a gaban Gwaggo. Ya ce gobe kasuwa, za a kai shi wurin malamar nan. Na zaci za ta hana. Da gari ya waye sai ga ta da mayafi, ta ce ita za ta goya shi.

Ɗakin shan maganin ɗan gini ne mai rufin kwano, da mangwaro a gabansa, mata zaune a kan benci da tabarmi, yawancinsu na ƙauye. Ashezi ta ratsa da mu gaba. Malamar baƙar mace ce kamar mu, da farar hula, Hausarta irin ta mutanen Jos. Ta danna ƙafar yaron da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta tambayi yaushe aka cire shi da abin da ake ba shi, Gwaggo ta amsa. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce ba dafi ba ne, yunwa ce, jikinsa nono yake nema. Ta ba mu garin madara ta nuna yadda za a dama, sannan ta dube ni ta ce in sa shi a nono yanzu, ko babu komai a ciki, in ya ci gaba da tsotsa ruwan zai iya dawowa.

Na zauna a gindin mangwaron nan, a gaban Gwaggo, a gaban mata, na karɓi ɗana na rungume, ban ji kunyar kowa ba. Na kwantar da shi yadda na saba. Hannunsa ya taso a hankali, ya lalubo murjanin, ya kama. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata. Na kai masa nono bakinsa. Ya shinshina, ya rufe leɓe, ya kau da kai. Na juya shi ɗaya ɓangaren, ya sake kau da kai, hannunsa na nan riƙe da murjanin. Bai manta da ni ba, kuma bai manta da ɗacin ba. A gida na shafa zuma, na shafa madarar, na yi duk abin da aka ce da wanda ba a ce ba. Bai sake yarda ba. Madarar ma ya ɗan karɓa ya daina. Bai ga wata kasuwar ba.

Uwa ba ta kukan ɗan fari a bainar jama'a, don haka na zauna a ɗaki ido a bushe ana shigowa ana yi mini gaisuwa. Gwaggo ce ta yi kukan, ta yi nata ta yi nawa, har muryarta ta dushe.

Da na haihu, mace, wadda ita ce uwar Hadiza, ranar suna da yamma na ji ana gungura tuluna. Gwaggo ce ke fitar da manjanta ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a rumfa. Ta share ɗakin, ta shafe shi, ta shimfiɗa tabarma biyu, ta zo ta ɗauki jaririyar ta ce in biyo ta. A ɗakinta na zauna har yarinyar ta iya kiran sunan kowa a gidan. Ta ma samo mazari, ita da ba ta iya kaɗi ba, ta riƙa zama a bakin ƙofa, Audu na wucewa sumsum kamar baƙo. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ban kuma san abin da ta mutu tana gaskatawa ba. Amma duk cikin da na yi bayan nan, ita ke tuna mini ranar awo, ta raka ni har gindin mangwaron. Ban riƙe ta a zuciya ba. Da abin da ta sani ta yi yaƙin, kuma yaron take so ta tsirar.

Shi ya sa in tsofaffi irina suka taru suna cewa da can ya fi yanzu, nakan ce musu a ware. Ina kewar Amba da yashinta, ina kewar lugude, ina kewar ɗakin da mata ke kula da mata, inda mai jego ba ta ɗaga ko tsinke. Yanzu mace ta haihu yau, jibi tana tsaye a kan risho ita kaɗai, kowa na cikin waya. Wannan asara ce, ba na ɓoyewa. Amma hutun namu a hannun mutum ɗaya yake, ranar da ta faɗi ya faɗi da ita. Na Hadiza kuwa a dantsenta yake, inda ta je yana biye da ita, kuma tana da bakin da za ta tambaya in ba ta gane ba.

Hadiza ta ga na yi nisa cikin tunani, ta kwance ɗanta tana ba shi nono a gabana, tana kiran sunansa, Haidar kaza Haidar kaza, tana sumbatar tafin ƙafarsa, shi ma ɗan fari. Ta ce Kaka lafiya? Sai na ba ta labarin, yadda na ba da shi yanzu. Ba ta taɓa sanin uwarta na da wa ba, don ba a ambatonsa, ni kuwa ba ni da sunan da zan ambace shi da shi. Da na gama ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kaka, ya sunansa?"

Na buɗe baki in ce yaron nan, yadda na saba. Na duba, Inna ba ta, Gwaggo ba ta, Audu ba shi, duk waɗanda nake jin kunyarsu sun riga ni. Na ce, "Bukar." Ban taɓa jin sunan da muryata ba sai ranar. Ashe ba shi da wuyar faɗa. Na sake faɗa, a hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya sha.